Kundin Zaɓen Tayoyin Keken Tsauni Domin Lakar Hunturu

2 ga Nuwamba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta abin da na gwada da abin da na gano game da tayoyin da suka dace da keken hawan tsauni a watannin sanyi, lokacin da ruwan sama ke jiƙa turbobin daji har su yi makonni ba su bushe ba. Keken da nake aikin a kansa mai ƙafafu inci 29 ne, faɗin rim ɗinsa daga ciki milimita 30, kuma tayoyin da ke jikinsa yanzu irin na busasshiyar ƙasa ne, masu faɗin inci 2.6, haƙoransu gajeru kuma a matse da juna. Da rani ba ni da abin cewa a kansu, domin suna gudu ba tare da sun wahalar da ƙafa ba, suna kuma kama ƙasa mai tauri yadda ya kamata. Amma tun da ƙasa ta sha ruwa, laka take cika tsakanin haƙoran ta zauna a can, sai tayar ta koma sumul, birki ya rasa abin riƙewa, kowace kwana kuma ta zama abin fargaba.

Abin da nake nema shi ne tayar gaba da zan iya amince mata a gangara, da ta baya wadda za ta tura keken a hawa maimakon ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Ba zan taɓa komai a jikin keken ba sai tayoyi da iskar cikinsu, kuma abu ɗaya zan riƙa sauyawa a lokaci guda, domin wanda ya canza taya da iska da shokozoba a rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ne ya kawo gyaran ba.

9 ga Nuwamba

Makon nan ban taɓa taya ba. Na bi turbobin da na saba bi, wasu wuraren da ƙafa, ina duba irin ƙasar da ke ƙarƙashin ruwan, domin a ganina daga nan ya kamata zaɓen ya fara. Laka iri-iri ce, kuma abin da kowace ke nema daga taya daban yake.

Akwai lakar yumɓu mai danƙo, wadda ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai har suna manne wa duk abin da suka taɓa. Ita ce ke toshe haƙoran taya, ta taru tsakanin taya da firam, wani lokaci har ƙafar keken ta ƙi juyawa gaba ɗaya. Ta fi muni kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa ya ɗauke, sa'ad da ta fara shan iska ta yi kauri. Lokacin da ake tsuga ruwan tana da ɗan sauƙi, saboda ruwan yana tsinka ta. Akwai kuma baƙar ƙasar gindin bishiyoyi, wadda ta gauraya da ruɓaɓɓen ganye. Wannan idan ta jiƙe tana yin laushi da zurfi, amma ba ta cika mannewa ba, kuma dogayen haƙora suna nutsewa cikinta su sami abin kamawa. Ƙasa mai yashi da tsakuwa ba ta riƙe ruwa, don haka ko tayar rani tana iya aiki a kanta. Sai kuma caɓi mai ruwa-ruwa, wanda ya fi cutar da sarƙa da birki a kan yadda yake damun taya, domin shi da kansa yake wanke haƙoran.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tsakanin waɗannan wurare akwai saiwoyin bishiya da suka fito fili, da falalen duwatsu masu gansakuka, da 'yan gadojin katako, kuma a kansu babu haƙorin da zai nutse komai tsawonsa. Abin da ke riƙe mahayi a nan shi ne laushin robar da kuma yawan robar da ta taɓa wurin. Saboda haka tayar da ta yi fice a cikin taɓo, mai siraran dogayen haƙora, tana iya zama mafi haɗari a kan jiƙaƙƙen dutse, inda haƙoran ke lanƙwashewa a ƙarƙashin nauyi su zame ba tare da gargaɗi ba. Mafi yawan turbobin da nake bi baƙar ƙasa ce mai saiwoyi, da 'yan guntayen wurare na yumɓu da dutse. Na yanke cewa tayar da zan zaɓa dole ta dace da wannan rinjayen. Idan na zaɓe ta domin wuri mafi muni kaɗai, sauran tafiyar ce za ta biya kuɗin.

16 ga Nuwamba

Na auna sararin da ke tsakanin taya da firam, gaba da baya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar aƙalla milimita 6 ta kowane gefe, amma wannan lissafin busasshiyar hanya ne. A yumɓu, duk abin da aka ƙara a kan haka riba ne. Taya mai inci 2.6 tana da faɗin kusan milimita 66, mai inci 2.4 kuma kusan 61, wato sauka daga wannan zuwa wancan yana buɗe milimita biyu zuwa uku ta kowane gefe. Adadin ƙarami ne a takarda, amma shi ne bambancin ƙafar da ke juyawa da wadda laka ta ɗaure, kuma shi ke hana tsakuwar da ta maƙale a lakar ta riƙa goge fentin firam.

Ya kamata a lura cewa lambar inci da aka rubuta a gefen taya ba koyaushe take daidai da ainihin faɗinta ba. Lambar ETRTO da ke kusa da ita, kamar 61-622, ta fi bayani: ta farko faɗi ce a milimita, ta biyu kuma faɗin da'irar rim daga gefe zuwa gefe, wadda take 622 ga ƙafa mai inci 29, 584 ga mai inci 27.5. Ko ita ma tana sauyawa gwargwadon faɗin rim ɗin da aka ɗora tayar a kai, shi ya sa na fi yarda da awon da na yi da hannuna bayan an ba tayar iska ta kwana.

Akwai dalili na biyu na barin taya mai faɗi, wanda ya fi na farko muhimmanci. Faffaɗar taya tana raba nauyin mahayi a kan fili mai yawa, sai ta yi ta shawagi a saman laka. Wannan alheri ne a rairayi ko a dusar ƙanƙara, amma a taɓo ana son tayar ta yanka ta shiga har ta iske ƙasa mai ƙwari da ke ƙasan santsin. Na tsaya a kan inci 2.4 gaba da baya.

24 ga Nuwamba

Na duba abin da manyan kamfanoni ke ƙerawa, na ga tayoyin jiƙaƙƙiyar ƙasa sun kasu gwargwadon tsawon haƙori da tazarar da ke tsakani. A can ƙarshe akwai na taɓo zalla, irin su Wetscream na Maxxis, da Dirty Dan na Schwalbe, da Hydrotal wadda Continental ya fitar a jerin tayoyinsa na 2022. Haƙoransu dogaye ne masu kusurwa huɗu, da fili sosai a tsakaninsu, kuma masu tseren gangara aka yi wa su, waɗanda mota ko na'urar ɗaukar mutane ke kai su saman tsauni. A ɗaya ƙarshen akwai tayoyin kowane yanayi, irin su Minion DHF da Assegai na Maxxis, masu haƙora da yawa da ke shimfiɗa roba mai yawa a ƙasa.

Tsakanin biyun nan ne hankalina ya tsaya. Masu tsere sun daɗe suna ɗaukar tayar taɓo su datse kan haƙoranta na tsakiya da almakashin waya, domin ta rage lanƙwasa a kan dutse ta kuma yi saurin gudu, alhali tazarar da ke zubar da laka tana nan. Daga wannan dabara ce aka samo tayoyin da ake ƙerawa da matsakaitan haƙora tun daga masana'anta, kamar Shorty na Maxxis, wadda aka sake wa fasali a 2021, da Hillbilly na Specialized, da Verdict na WTB. Magic Mary na Schwalbe da Argotal na Continental suna kusa da wannan rukuni, sai dai sun ɗan fi karkata ga aikin kowane yanayi.

Yadda taya ke zubar da laka abu ne da ya cancanci a fahimce shi, domin shi ne ginshiƙin aikin nan duka. Duk lokacin da wani ɓangare na taya ya taɓa ƙasa yana lotsawa, idan ya ɗago kuma ya koma yadda yake, kuma wannan motsin yana sassauta lakar da ke tsakanin haƙora, sannan juyawar ƙafar ta watsar da ita. Idan haƙoran a matse suke, lakar tana samun bango ta ko'ina ta maƙale. Idan suna da tazara, kamar haƙoran manjagara, ba ta samun wurin zama. Wannan ne kuma dalilin da ya sa tafiya a hankali cikin yumɓu take ƙara toshe taya, ɗan sauri kuwa yake tsabtace ta. Ƙananan tsagogin da ake yi a saman kowane haƙori suna da nasu aikin daban: suna barin haƙorin ya buɗe ya ƙara gefuna masu kamawa a kan saiwa da dutse.

1 ga Disamba

Fasalin haƙori rabin magana ne. Taya ɗaya mai suna ɗaya ana sayar da ita da roba iri biyu ko uku da gangar jiki iri uku ko huɗu, kuma bambancin da ke tsakaninsu yana iya fin wanda ke tsakanin tayoyi biyu masu suna daban.

Ana auna taurin roba da ma'aunin Shore A, inda masu laushi sosai suke wajen 40 zuwa 45, masu tauri da ke jure tafiya kuma suke wajen 60 zuwa sama. Maxxis yana kiran mai laushinsa MaxxGrip, matsakaiciya MaxxTerra. Schwalbe yana sa layi mai launi a kan tayar, ruwan lemo ga Addix Soft, shunayya ga Ultra Soft. A wajen Specialized T9 ta fi T7 laushi. Roba mai laushi tana bin ƙananan ramukan da ke jikin dutse ta kama su, kuma tana dawowa a hankali bayan ta lotsa, don haka tayar ba ta tsalle daga kan saiwa. Amma kowane allazi da nasa amanu: tana cinyewa da wuri, tana kuma jan ƙafa a hawa. A gaba wannan farashin ba shi da yawa, domin ƙafar gaba ba ta ɗauke da mafi yawan nauyin mahayi idan yana zaune, kuma ba ita ke tura keken ba. Ƙafar baya idan ta zame galibi ana iya gyarawa a ci gaba da tafiya. Ta gaba idan ta zame, mahayi yana ƙasa kafin ya ankara. Saboda haka ba ni da wata shakka cewa robar da ta fi laushi gaba za ta tafi.

Gangar jikin taya kuwa zare ne da aka saƙa aka lulluɓe da roba, ana ƙidaya shi da yawan zare a kowane inci, galibi 60 ko 120. A jerin Maxxis, EXO shimfiɗa ɗaya ce da kariya a gefe, DoubleDown shimfiɗa biyu ce ta zare 120, ta tseren gangara kuma shimfiɗa biyu ce ta zare 60. Mai shimfiɗa ɗaya a girman inci 29 nauyinta yana kusa da kilo ɗaya, mai biyu kuma tana ƙara gram ɗari biyu zuwa uku. Da farko mutum zai zaci cewa tun da hunturu ba a gudu sosai, mara nauyi ta isa. Ni dai lissafina ya kai ni wani wurin: jiƙaƙƙiyar ƙasa tana son a rage iska, kuma taya mai siririn gefe idan iskarta ta yi ƙasa tana lanƙwashewa a kwana, ko ta saki iska ta bakin rim, ko rim ya datse ta a kan dutsen da ruwa ya ɓoye. Gefe mai kauri shi ke ba da damar rage iskar cikin kwanciyar hankali.

Na zaɓi Shorty mai inci 2.4, roba MaxxGrip, ganga DoubleDown domin gaba. A baya zan fara da wata taya ta kowane yanayi da nake da ita a ajiye, mai inci 2.4 da matsakaiciyar roba, in ga iyakar abin da za ta iya.

8 ga Disamba

Na ɗaura tayoyin biyu ba tare da tiyub ba. Na sabunta tef ɗin cikin rim, na wanke bawul, na zuba ruwan toshe huji kimanin mililita 100 a kowace, na kuma tabbatar kibiyar da ke gefen taya tana kallon inda ƙafar ke juyawa. Na bar sabuwar tayar ta kwana a ɗaki mai ɗumi kafin aikin, domin roba mai sanyi tana da taurin kai wajen hawa rim, musamman mai shimfiɗa biyu. Na ƙara ƙaramin makarin laka a gaba, saboda taya mai buɗaɗɗun haƙora duk abin da ta zubar sama take watso shi, kuma idon da laka ta shiga ba ya ganin saiwa.

15 ga Disamba

Bambancin da ke gaba ya fito tun a gangarar farko. A baƙar ƙasa tayar tana cizo ta bi inda aka nuna mata, kuma a wuraren da turba ta karkace gefe guda, inda da can ƙafar gaba ke sulalewa ƙasa a hankali, haƙoran gefe suna nutsewa su riƙe. Da na tsaya bayan wurin yumɓu na duba, ta gaba ta riga ta zubar da mafi yawan abin da ta ɗauka, ta baya kuwa tana nan a cike. Birkin gaba ya dawo da amfaninsa, wanda shi ne abin da na fi buƙata.

Sauran ranar a kan iska na ƙare ta. Nauyina da kayan hawa yana wajen kilo 80. A ma'aunin matsin iska da ake kira psi, na fara da 24 a gaba da 27 a baya, ina ragewa kaɗan-kaɗan ina maimaita gangara guda mai saiwoyi. A 24 tayar gaba tana tsalle daga saiwa zuwa saiwa, a 22 ta fara kwantawa, a 20 kuma ta riƙa lulluɓe saiwar maimakon ta doke ta. Ƙasa da 18 na fara jin gefenta yana motsi a kwana mai ƙarfi, sai na koma 20. A baya na tsaya a 24. Waɗannan lambobi nawa ne, da nauyina da irin turbata. Mai nauyi ko mai siririyar ganga zai buƙaci ƙari. Abin da nake ganin ya shafi kowa shi ne cewa psi biyu kacal suna sauya halin taya sarai a wannan mataki, kuma gejin da ke jikin famfon ƙasa ba ya iya bambance su da kyau. Ƙaramin geji na lantarki ya zama dole a wannan aiki, kuma matsa taya da babban yatsa ba awo ba ne.

29 ga Disamba

Sanyi ya sauko har kusa da daskarewar ruwa, ya kuma shigo da abubuwa biyu cikin lissafin. Na farko iska ce. Matsin iskar da ke rufe a cikin taya yana raguwa idan ta yi sanyi, kuma ana iya lissafa shi: daga digiri 20 na ɗaki zuwa sifili a waje, cikakken matsin, wato abin da geji ke nunawa haɗe da matsin iskar sarari, yana sauka da kusan kashi 7 cikin 100. Tayar da geji ya nuna psi 22 a cikin gida za ta koma wajen 19.5 bayan ta huce a daji. Ga wanda yake daidaita iskarsa da psi ɗaya ko biyu, wannan ragin babba ne. Yanzu nakan bar keken ya ɗan jima a waje kafin in auna, kuma lambobin da na rubuta a baya na mayar da su lambobin bakin turba.

Na biyu roba ce. Kowace roba tana taurara idan ta yi sanyi, kuma masu laushin nan masu dawowa a hankali sun fi nuna sauyin, domin laushin nasu daga ɗumi yake samun cikarsa. A safiyar da ƙasa ta yi ƙanƙara na ji tayoyin biyu suna ƙara a kan dutse fiye da yadda suka saba, riƙonsu a kan saiwa kuma ya ragu. Na sauke psi ɗaya a gaba, abin ya ɗan daidaita. Sai dai a kan ƙanƙara ta gaske, wadda ta shimfiɗu kamar gilashi, babu robar da ke riƙewa. Wannan aikin tayoyi masu ƙusoshin ƙarfe ne irin su Ice Spiker na Schwalbe, kuma ba su cikin abin da nake nema, tun da ranakun irin wannan kaɗan ne a kan ranakun laka.

11 ga Janairu, 2025

Wani abokin hawa ya ara mini tayar taɓo zalla, mai cikakkun dogayen haƙora, na ɗaura ta a gaba domin in san abin da na bari da na zaɓi matsakaiciya. A gangara mai tsayi ta baƙar ƙasa da ta sha ruwa har ta yi laushi, riƙonta ya wuce duk abin da na taɓa ji. Mutum yana iya jingina keken a wurin da ba shi da wata kafa, haƙoran su huda su tsaya. Da irin wannan riƙon ne mutum ke fahimtar yadda ake iya yin tsere a ranar da tafiya da ƙafa ma ke da wuya, kamar gasar zakarun duniya ta gangara da aka yi a Champéry ta ƙasar Suwizalan a 2011, inda Danny Hart ɗan Birtaniya ya yi nasara cikin ruwan sama da tazarar sama da daƙiƙa 11, tazarar da ba kasafai ake ganin irinta a wannan wasa ba.

Amma turbata ba filin tsere ba ce, kuma da ƙafata nake hawa. A kan falalen dutse da gadojin katako na ji haƙoran suna tafiya gefe kafin tayar ta bi su, a kan saiwa kuma robar da ke taɓawa ta yi kaɗan. A hanyar tsakuwa mai kaiwa saman tsauni jan da take yi ya isa ya rage yawan gangarar da mutum zai samu a yini. Na mayar masa da ita da godiya, na kuma mayar da tawa. Gwajin ya tabbatar mini da hukuncin 9 ga Nuwamba, amma ya ƙara mini wani abu: wanda turbarsa gangara ce mai laushi daga sama har ƙasa, ba dutse ba saiwa, bai kamata ya tsaya a matsakaiciya ba.

25 ga Janairu

Tayar baya ce ta rage, kuma ita ta fi wuyar warwarewa. Wadda na fara da ita tana aiki a baƙar ƙasa da tsakuwa, amma a hawan yumɓu tana cika ta yi ta juyawa a banza, a gangara kuma birkin baya yana kulle ta nan take ta riƙa jan layi. Abin da ake so a baya ya bambanta da na gaba: haƙoran tsakiya masu faɗi a kwance, waɗanda gefensu ɗaya ke tura ƙasa a hawa ɗayan kuma ke tare ta a birki, da tazara isasshiya, da robar da ba za ta cinye cikin wata biyu ba. Na samo wata mai matsakaitan haƙora kamar ta gaba, amma da roba matsakaiciya da ganga mai shimfiɗa biyu, na ɗaura ta a psi 23.

A hawan yumɓu ta kai ni wuraren da da can sai na sauka na tura. A hanya mai tauri kuwa nauyin feda ya ƙaru a fili, fiye da yadda sauya ta gaba ya ƙara, kamar yadda lissafin nauyi ya nuna tun farko. Ban yanke hukunci a kanta ba tukuna. A makonnin da ruwa ba ya ɗaukewa ta cancanci wahalarta, amma idan aka sami 'yan kwanaki na iska da rana, tsohuwar ta fi daɗin tafiya.

Akwai wani abin da wannan taya ta tuna mini, wanda nake ganin wajibi ne in rubuta. Haƙorin da ke cizon ƙasa yana kuma tona ta. Tayar baya da aka kulle da birki a gangara mai laushi tana haƙa rami, ruwa ya bi ramin ya zurfafa shi, kafin bazara turbar ta koma kwazazzabo. Haka nan mahayan da ke kauce wa kududdufi ta gefe su ne ke faɗaɗa turba har ta ninka. Samun tayar da ke iya shiga ko'ina bai sa ko'ina ya dace a shiga ba. Wuraren yumɓun da ba su da magudanar ruwa na daina bin su a ranakun da suka fi laushi, inda kuma masu kula da turba suka rufe ta domin ruwa, a rufe take.

8 ga Fabrairu

Na wanke tayoyin na duba su da kyau. A ta gaba gefunan haƙoran tsakiya sun fara zagayewa kaɗan, haƙoran gefe kuma ba su tsage daga gindi ba, wanda nan ne roba mai laushi ta saba fara mutuwa. Wannan wurin nake dubawa duk mako, domin haƙorin gefe da gindinsa ya tsage yana nan a ido amma ba ya riƙe komai a kwana. Na lura cewa kwalta ce ke cin robar fiye da daji, saboda haka na rage bin ta inda akwai wata hanyar. Na girgiza ƙafafun na ji ruwan toshe huji yana nan da saura, na ƙara kaɗan a ta baya, na kuma cire zuciyar bawul na wanke, domin ta fara toshewa har tana ɓata awon geji.

Matsayin aikin a yau shi ne: gaba ta zauna a kan matsakaitan haƙora da roba mai laushi a psi 19 zuwa 20, kuma ba ni da niyyar taɓa ta kafin ƙasa ta bushe. Baya tana tsakanin tayoyi biyu, kuma ina tunanin haɗa ƙafar baya ta biyu domin sauyawa ya zama aikin minti kaɗan maimakon a yi ta fama da ruwan toshe huji. Akwai gwaji biyu da suka rage. Ɗaya shi ne sa soson kariya irin na CushCore a cikin tayar baya, in ga ko zai bar ni in sauka zuwa psi 21 ba tare da rim ya taɓa dutse ba. Ɗayan kuma tayoyin da Schwalbe ya fitar a 2024 ne, waɗanda aka jera zaren gangarsu a kusurwar da ta fi miƙewa daga gefe zuwa gefe, domin tayar ta fi lotsawa ta shimfiɗa roba mai yawa a ƙasa ko da iskarta ta ɗan fi yawa. Idan hakan ya tabbata a kan jiƙaƙƙiyar saiwa, zai taɓa daidai wurin da tayoyin laka suka fi rauni. Zan fara da soson kariyar a mako mai zuwa, a gangarar nan mai saiwoyi da na auna iska a kanta a Disamba, domin a sami abin kwatantawa.